Gilashi na Bakwai

Ba kiɗan ne ya hana ni barci ba.
Kiɗa kam katanga ta cinye shi,
muryar mawaƙi ba ta ƙetaro mana.
Abin da ke zuwa shi ne na ƙasa,
gurnanin nan mai bin tushen gini,
dum, dum, kamar ana daka a cikin rijiya.
Ya hau bango, ya sami tagata,
sai gilashi ya kama kaɗa haƙora
kamar mai zazzaɓin damina.

Sahabi ne, maƙwabcina a Garkawa.
Hayar kayan sauti yake bayarwa, biki da suna,
kuma duk daren Alhamis, in kuran ya dawo,
sai ya gwada babban bafal ɗinsa,
baƙin akwati, tsawonsa ya kai ƙugu.
Yaron kirki ne.
Shi ya kai Hajo likita a kan babur
daren da ciwo ya tasar mata.
Da wane baki zan kai ƙararsa?

Na ce to, bari in yi da tagar.
Gilashi takwas ne a jere kamar haƙarƙari.
Na ninke kwalin shayi na cusa,
kwana biyu ya zame.
Na tura tsumma, tsumma ya saki.
Na manna cingam, Allah na tuba,
tururuwa suka zo har da dangi.

Atto mai faci a bakin tashar Tawa ya yi dariya.
Ya ce, "Malam, ba gilashin ke kuka ba, sarari ne.
Abin da ya zauna daram ba ya surutu."
Ya yanko mini tsohuwar robar cikin taya,
siriri-siriri, dala ashirin.
Ya ce in sa a bakin kowane ƙarfe,
in matse da filaya, in ɗaure sukurori,
shi kuma mai akwati ya raba shi da siminti,
ya ɗora kan taya, ya ja shi taki biyu daga bango.

Na yi nawa. Sahabi ya yi nasa,
yana ba da haƙuri har na ji kunya.
Alhamis ta zo, kuran ya zo,
na kasa kunne.
Tsit.
Dum ɗin na can nesa, kamar hadarin da ya fasa zuwa.
Na gode wa Allah, na gyara matashi.

Sai na ga Cima a tsaye.
'Yata, shekara tara,
wadda sanƙarau ya tafi da jinta
tun tana koyon kiran sunana.
Tafinta a kan gilashi.
Ta ɗaga, ta mayar, ta koma na gaba,
ɗaya bayan ɗaya,
kamar malamin asibiti mai neman bugun jini.
Ta juyo, ta buɗe mini hannu biyu:
ina ya tafi?

Ashe duk Alhamis ɗin da nake tsaki,
na juya wa taga baya, na runtse ido,
ita tana nan,
tana shan kiɗa da yatsu biyar.

Na kunna fitilar waya, na lalubo filaya.
Na bakwai in ka ƙirgo daga sama,
shi ne daidai kafaɗarta.
Na zare robar.
Ya ɗan motsa, zir, zir, kamar ƙuda a kwalba.
Ta ɗora hannu. Ta jira.
Babban yatsan ƙafarta ya fara.

Da safe Sahabi ya leƙo ta kan katanga:
"Baba, jiya an samu barci?"
Na ce an samu.
Robar na cikin aljihuna, ina murza ta.
Na ce, "Akwatin nan naka,
bar shi a kan tayar,
amma matso da shi taki ɗaya."