Koren Ido a Heipang

Ƙafa dubu tara sama da Heipang
muryar ta yanke.
"Ku sauko zuwa…" ta ce,
sai shuuu,
kamar yayyafi a kan kwanon rufi.

Na kira. Kachollom ta kira.
Ta murɗa zuwa wata tasha, ta dawo ta farko,
ta hura makirfo
kamar mai fama da ɗanyen ice a murhu.
Ko tari.
Duk faɗin sararin nan
ya koma ɗaki da aka ja wa ƙofa daga waje.

A bayanmu mutum hamsin da takwas.
Dillalin dankalin Bokkos yana lissafi a bayan tikiti,
wata tsohuwa ta rungume kwalin maganinta,
jariri ya gaji da kuka ya yi barci.
Ba wanda ya san
ƙasa ta daina amsa sallamarmu.

Hadari ya haɗo daga tsaunin Shere, baƙi ƙirin.
Man da ya rage, na minti arba'in.
Na danna lambobi huɗu:
bakwai, shida, sifiri, sifiri.
Da yaren sama ke nan ake cewa,
ga ni nan, amma ba na ji.

A nan Baba ya faɗo mini a rai.
Malam Sallau na tashar Bukuru,
shekara talatin a bakin dogo
har ƙarar inji ta cinye masa kunne.
Usur ma sai dai ya ga hayaƙinsa.
Amma yana da fitila mai ido biyu,
ɗaya ja, ɗaya kore,
kullum da la'asar yana goge ta da gefen rigarsa.
"Direba ba muryata yake nema ba," in ji shi,
"hannuna yake nema a cikin duhu."
Lokacin dariya na yi.
Ni da zan tuƙa na sama,
ina ruwana da aci-balbal?

Muka huda gajimare.
Ga kududdufan kuza suna kallonmu ba ƙiftawa,
ga duwatsun Riyom ɗaya bisa ɗaya
kamar kayan da aka sauke za a dawo a ɗauka,
ga gonakin acca cikin shingen ƙerana.
Ga titin can, siriri, jiƙe.
Ko akwai wani a kansa?
Ko wani na tahowa ta inda ba ma gani?

Muka kewaya sau ɗaya.
Gumi ya tsatso mini a tafin hannu.
Kachollom ta kafe hasumiya da ido,
leɓenta na motsi da addu'ar gidansu,
nawa na motsi da ta gidanmu.

"Kyaftin," ta ce. "Duba."

Daga tagar hasumiya
ɗigon haske, bai kai ƙwayar gero ba.
Kore.
Bai ƙifta ba, bai yi rawa ba.
Wani can ƙasa ya riƙe shi da hannu biyu.

Na karkata fiffike dama, na karkata hagu:
na gani, na gani.

Taya ta sumbaci kwalta,
ruwa ya watsu,
wani a baya ya tafa don sabo kawai.

Waya ce ashe ta ƙone, in ji makaniki,
kaurinta bai wuce tsinken tsintsiya ba.

Na hau matakalar hasumiya.
Saurayi ne, Nanpon, shayinsa ya huce a gefe,
har yanzu hannunsa na karkarwa.
Na ce, "Zuwa nawa za ka ce mu sauko?"
Ya yi shiru, ya sosa ƙeya.
"Wallahi na manta."

Da magariba na wuce Bukuru.
Inna ta buɗe mini ɗakin da ba a shiga.
Ƙarƙashin gado na same ta,
tsatsa ta ci marikin,
jan idon ya tsage.
Koren yana nan.
Na ja gefen rigata.