Jajibirin Ɗaya Ga Wata

Kwana talatin, kalma dubu hamsin.
Malama Rakiya ta rubuta a allo, ta ja layi biyu a ƙasa,
ta ce wanda ya ji zai iya ya ɗaga hannu.
Nawa ya tashi kafin ya yi shawara da ni.

A hanyar Mabera na raba lissafin a ka:
dubu da ɗari shida da sittin da bakwai kullum,
har Juma'a, har ranar wanki,
har ranar da wuta ba ta leƙo unguwarmu ba.

Babana agogo yake gyarawa a Tsohuwar Kasuwa.
Ya maƙala gilashinsa mai ido ɗaya, ya dube ni
kamar ni ma wani ƙarfe ya kwance a cikina.
Ya ce, "Mujitaba, shekara ashirin ina buɗe cikin lokaci,
ban ga wanda ya yi tsere da shi ya ci ba."
Sai ya miƙo mini tsohon littafin bashi,
rabinsa sunayen waɗanda ba su dawo ba,
rabinsa fari fat.

A farin nan na kafa gari.
Na haifi mace, Tumba, mai tuƙa kwalekwale a Rima,
na ba ta tabo a gira da dariya mai tsoratar da balbela,
na ba ta ƙane mai satar albasa.
Na kashe ƙanen a babi na tara,
na tashe shi ran Laraba don tausayi ya kama ni,
na sake kashe shi bayan la'asar.

Kibiyoyi, da'irori, jan biro inda za a yi kuka.
Mako biyu zufa na ɗiga daga haɓata
tana mai da sunayen mutanena tafki.
Na san abin da Tumba za ta ce a shafin ƙarshe.
Abin da za ta ce a na farko ne ban sani ba.

Kakata ta leƙo daga bakin murhu:
"Mi kaka zane haka, awa mai rabon gado?
Ni da nika yi muku tatsuniya,
ka taɓa ganin na auna ta da mudu?
Buɗe baki akai, labari shi biyo."
Na ce, Kaka, wannan da ƙa'ida.
Ta ce, "To, Allah shi ba ƙa'ida lahiya."

Yau da magariba na bar littafin kan turmi
na tafi alwala.
Jar akuyarmu ba ta san babi ba.
Ta ci daga na huɗu zuwa na sha ɗaya,
ta ci gadar da zan karya, ta ci ƙanen da mutuwarsa biyu,
ta bar mini masu bashin Baba cif, ko ɗaya bai ɓata ba.
Ta tsaya tana tuƙa, tana kallona,
mai karatuna ta farko,
kuma ba ta ce komai ba.

Ban yi kuka sosai ba.

Yanzu dare ya raba, ko ya kusa.
Agogo bakwai Baba ya kawo gida gwaji,
kowanne da tasa sha biyun:
na bango ya ce saura minti shida,
na tebur ya ce an fara tun ɗazu, ina zaune,
ƙaramin ya tsaya a ƙarfe uku na wata shekara.

Fitila ta yi ja. Sauro ya zo duba aiki.
Can wajen gulbi, ko a cikin kaina,
wani ya kwance igiya daga turke,
ruwa ya mari katako sau biyu.

Tumba, ban san inda za mu ba.
Taswirar tana cikin akuya.
Matsa in zauna.