Inda Mashin Ya Sauka

Ni ne Dorkon, mai filafili na sha bakwai,
a gefen hagu, inda ruwa ke shigowa.
Mawaƙan bakin kasuwa ba su san sunana ba.
Sun san Timoksenos, sun san garkuwarsa ta tagulla.
Ni kuwa na san warin guminsa,
na san yadda yake amai in teku ta fara rawa.

Shekarar da zaitun na Amorgos ya ƙi yin 'ya'ya,
rijiyoyinmu suka koma gishiri,
bokanya ta shaƙi hayaƙi, ta yi tari, ta ce:
"Bayan tsibiri tara akwai idon ruwa.
Ku ɗebo tulu guda, kada ko ɗigo ya zube,
ku juye a gindin tsohuwar bishiya."
Muka tashi mu hamsin, har da ƙanena Filon,
yaron da gemunsa bai ko fara fitowa ba,
ya biyo mu ne don ya ga inda rana ke faɗuwa.

Ruwa ba ya tsami banza.
Ashe can ƙololuwar dutse, inda alloli ke kishingiɗe,
gardama ta kaure a kan ƙoƙon inabi.
Mai teku ya ce ba za mu kai ba.
Ƙanwarsa, mai saƙa gajimare, ta ce sai mun kai.
Abin da suka zuba a cacar, in ji masu faɗi,
matsefi ne na zinariya.
Mu hamsin, da matanmu, da uwayenmu,
a kan abin taje kai muke ta mutuwa.

Shi ya turo igiyar ruwa mai tsayin haikali,
ta kwashe sha ɗaya a dare guda.
Ita ta lulluɓe mu da hazo kwana ashirin,
maƙiya ba su gan mu ba,
mu ma ba mu ga taurari ba,
muka yi ta tuƙi muna tauna igiyar fata don yunwa.

A tsibiri na tara masu tsaron ruwan suka fito.
Wani dogo ya saki mashi, ya nufi maƙogwaron jarumi.
Da idona na ga hannu ya fito daga iska,
siriri, mai ƙamshin zuma,
ya kaɗe mashin kamar mai korar ƙuda.
A nan mawaƙa ke tsayawa,
a nan ake tafi, ake ƙaro inabi.

To, amma mashi ba ya kwana a sama.
Ƙarƙashin haƙarƙarin Filon ya sauka.
Da rabin ɓaure a hannunsa,
ya dube ni kamar zai tambaye ni hanya.
Na haƙa masa rami da filafilina,
ƙasar duk tsakuwa.

Mu tara muka dawo, tulu cike, ko ɗigo bai zube ba.
Muka tarar an yi ruwa tun wata uku,
rassan zaitun har suna sunkuyawa.
Duk da haka aka juye tulun, aka yanka bijimi,
aka ɗora wa Timoksenos rawanin ganye.
Ban ga laifinsa ba.
Da dare ya zo ƙofata, ya tsaya, bai ce komai ba,
ya ajiye takalman Filon, ya juya.

Yanzu gyaran koma nake yi a bakin gaɓa.
Faɗan da ya fi ƙarfinka, ka mai da shi wasa:
duk shekara ina kai mata akuya,
na zaɓi ramammiya.
In tsaya gaban gunkinta in yi tambaya ɗaya:
sa'ad da kika kaɗe hannu,
kin duba hagu kuwa?

Dutse ne, ba ya amsawa.
Amma gashinta a taje yake, sumul,
har yana ƙyalli in rana tana faɗuwa.