Ƙulli Bakwai Daga Jega

Daga rumfar Baba Nomau na ɗebo su,
ƙulli bakwai, kowanne da ajami a jikinsa:
bagaruwa, sassaƙen marke, sabara,
jar kanwa, alif, tozali,
sai na bakwai da ba ya faɗin sunansa.

A ɗakin gwaji na Aliero
na jiƙa, na tace, na auna.
Na yafa ƙwayoyin cuta a faranti
yadda ake yafa irin albasa a fadama,
na haƙa 'yar rijiya a tsakiya,
na ɗiga maganin mahaifina, na rufe.
Suka kwana cikin ɗumi.
Ni ban runtsa ba.

Da safe bagaruwa ta share wa kanta fili,
zagaye tas kamar masussuka,
milimita goma sha tara. Sau biyu na auna.
Marke na bin sawunta.
Alif ya kori na kusa da shi,
sabara ta ɗan taɓuka.
Kanwa kuwa, duk da kirarinta,
cuta na kiwo har bakin ƙofarta.

Na bakwai, mai tsadar,
da baƙinsa ya taho:
funfunar damina ta riga ni shiga ƙullin.

Tozali wata na'ura aka kai wa.
Ta yi ƙara, ta tofo takarda: dalma.
Shi aka zizara mini ran suna.
Da idon da ya yi wa ado
na karanta laifinsa.

Kwana uku takardar na cikin jakata.
Kuɗin makarantata daga tabarmar nan suka fito,
ƙulli bayan ƙulli.

Na same shi yana daka, na durƙusa, na faɗa.
Taɓarya ta tsaya.
Mai sayen maganin basir ya gaji da jira, ya wuce.

"Tumba, mi kinka ce ma bagaruwa?"
Na ce goma sha tara.
"Kakanki ya san haka, ba shi da awo."
Ya juya kwalbar tozali a tafinsa, ya daɗe,
sannan ya tura ta ƙarƙashin buzu.
Na bakwai ya zazzage a kwata.

Da zan tashi ya miƙo mini wata leda,
ƙulli huɗu, tawada ba ta ko bushe ba.
"Ki kai ma farantin naki. In ya yi ƙarya, ni ka sani."