Harafin Wutsiya

Shekara ashirin da biyu a masaƙar Kakuri
ba ni da aiki sai bin umarni:
kunna, kashe, ɗaura zare, matsa can.
Har ranar da aka ce, ku je gida.
Wannan ma na bi.

Yanzu ga Suwaiba kan tabarma bayan lisha,
an ɗauke wuta, ta jingina fitilar waya da kofi,
tana koyon yadda ake sa mutum aiki
a harshen mutanen Hangare,
inda za ta karatun likita in damina ta ja jiki.

Ta ce, Baba, abin ba wuya.
Ka kama aikatau, ka liƙa masa j a wutsiya,
sai dai kamar ya suke furta shi.
Vár, yana jira. Várj, jira.
Ír, yana rubutu. Írj, rubuta.
Kuma ba ruwansu da ka, ba ruwansu da ki.
Na ce, ashe su da wutsiya suke kora.
Mu murya muke saukewa mu ɗaga,
shi ke nan yaro ya miƙe.

Sai ta iso inda harafin ke ɓuya.
Olvas ya koma olvass, karanta.
Néz ya koma nézz, duba.
Tana ta juya shafi, tana tsaki, ina j ɗin ya shige?
Na ce, kawo, wannan fagena ne.
Zaren da ya shiga saƙa bai ɓata ba,
kauri ya ƙara wa ɗan'uwansa.

Mako guda gidan bai huta ba.
Gyere, ta ce da Zubairu, wai ya zo.
Egyél, ta ce da akuya, wai ta ci,
akuyar da ba ta taɓa jiran izini ba.
Ran Laraba na shigo da jakar kayan gyara
ta dube ni ta ce, ülj le.
Uwarta ta leƙo daga madafa, me ta ce?
Wai in zauna.
Uban naki?
Ta yi maza ta buɗe littafi: akwai na manya, Inna,
üljön le, kérem.
Na zauna, tun da da ladabi aka roƙa.
Ta nuna mini le ɗin nan, a gaba yake zama, leül,
amma da an ba da umarni sai ya dire ya koma baya,
kamar yaron motar Kawo in bas ta ƙi tashi.

Akwai kalmar da ban tambaye ta ba.
Ranar da ta je ɗinki Kasuwar Barci
na buɗe littafin, na bi layi da yatsa mai baƙin mai
har na samo ta.
Maradj. Zauna, tsaya nan.
Can ƙasa kuma, ne menj, kada ki tafi.
Na kwafe su a bayan rasit.
Ina naɗa wayar fanka a shago ina maimaitawa,
ban ma san ko haka ake faɗa ba.
Mai shayin kusa da ni ya ɗauka wuridi ne.

Tashar Rigasa, da sassafe, ana yayyafi.
Akwati biyu, ƙullin yaji, kuka da daddawa
da uwar ta cusa ta rantse ba za a ƙwace ba.
Rasit na aljihu, ya jiƙe da gumi.
Na buɗe baki,
kalma biyun nan suka taso tare,
na haɗiye ta farko kamar ƙwayar magani ba ruwa.
Menj, na ce.

Ta yi dariya, idon ya cika.
Ta hau, ta leƙo ta taga,
ta ce, várj, Baba.
Sai ta kama baki, ta gyara: várjon.

Jirgin ya wuce.
Na shiga Keke Napep zuwa shago,
akwai fankar wani soja da na yi wa alkawarin azahar.
Uwarta ta tambaye ni da dare, me yarinyar ta ce?
Na ce, wai in jira.
Ta ce, to, da me za ka yi?