Matakala

Sau uku cikin damina ɗaya
ƙasan a-kori-kurata ya daki dutse
a kwarin nan na bayan Pindiga.
A na ukun, baƙin mai ya tsiyaye kamar an yanka ta,
na kwana kan buhunan waken mutane
kwaɗi suna yi mini dariya.

Sai na ja ta zuwa Kumo, garejin Babayo,
gindin dalbejiyar da giris ya rine.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya tsuguna, ya leƙa, ya shafa cikinta
yadda mai sayen saniya ke shafa haƙarƙari,
ya ce, “Ta gaji da durƙuso. A ɗaga ta.”

Kwana huɗu tana kan jak da kututture.
Aka kwance sifirin baya, falle-falle,
tsatsa na zuba a idon yaronsa Ilu.
Falle biyu aka ƙara kowane gefe,
na wata babbar mota da ta mutu a hanyar Yola.
Shokazoba doguwa, 'yar gwanjo, daga Gombe.
Tiyon birki ma sai da aka sake,
tsohon ya miƙe kamar jijiyar wuyan mai fushi.
Kuɗin ragon layyata ya tafi a nan,
na kwanon rufin ɗaki ya bi sawu.

Da aka sauke ta, ta sama take kallon 'yan uwanta.
Na shiga, na tayar, ina hura hanci.
Ban kai gidan mai ba ta fara ja hagu,
sitiyari na karkarwa a hannuna
kamar kazar da ta ga wuƙa.
Na dawo ina kumfar baki.

Babayo na ɓare gyaɗa, bai ɗago ba.
“An ɗaga jiki, ba a gaya wa kai ba.
Ta yi tsawo, amma ƙafafun gaba
da tunanin jiya suke tafiya.”
Ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba,
ya kwanta, ya kama tayarod,
juyi ɗaya, rabin juyi, ya ɗan koma baya,
ido ɗaya a rufe yana auna zaren
har aka kira la'asar, har aka idar.
“Kuma ka sani,” in ji shi, yana goge hannu,
“doguwa ba ta son shan kwana da gudu.
Ka matsa mata, ta kwanta maka.”

Da yamma na gangara kwarin.
Dutsen yana inda na bar shi,
da tabon man da na zubar masa.
Muka wuce ta kansa, ko gaisuwa babu.
Laka ta kama taya, ta saki.
Na yi ihu ni kaɗai a mota.

Da safe Inna ta fito da katin asibiti
da ƙwaryar kuɓewar da take kai wa nas.
Shekara tara tana shiga gaban motar nan da kanta,
gwiwa na ciwo, ba ta yarda a riƙe ta.
Ta ɗaga ƙafa. Ta sauke.
Ta kama ƙofa, ta sake ɗagawa, ta sauke.
Ta dubi motar, ta dube ni.
“Wa ka tambaya ka mai da ita raƙumi?”

Ranar da turmi ta hau,
ba ta ce mini uffan ba har Kumo.

A tarkacen gindin dalbejiya
Ilu ya tono tsohon fallen da ya tsage,
wanda ya goya mu shekara tara.
Babayo ya yanka, ya lanƙwasa, ya yi walda
ƙarƙashin ƙofar dama.
Bai karɓi ko sisi ba. Ya ce a kawo kuɓewa.

Yanzu in mun gangara kwari
komai na wucewa lafiya, sai matakalar nan
ita kaɗai ke gogar dutse, ƙiiit.
Na ce zan sa a ɗan ɗaga ta.
Inna ta gyara zama, ƙwarya a cinya:
“Bar ta. Gaisuwa take yi.”