Ƙanzo Ba Ya Cikin Lissafi

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da ludayin nan
a makarantar da ke bayan Ƙofar Ƙaura,
tun katangarta ba ta kai ƙuguna ba.
Nakan gane yaro da muryarsa kafin in ɗago kai:
"Gwaggo Hansai, a ƙara mai."
"Gwaggo, ban da albasa."
"Gwaggo, gobe Baba zai biya."

Ran Litinin, bayan hutun ƙaramar Sallah,
aka kafe wani allon gilashi a jikin ginshiƙi,
tsayinsa bai fi na ɗan aji ɗaya ba.
Saurayin da ya ɗaura shi ya ce, "Hajiya, kin huta."
Ban taɓa zuwa Makka ba,
ban kuma ce masa na gaji ba.

Yanzu yaro ya dangwala yatsa, ya goga kati,
takarda ta zuro a gefena kamar harshen ƙadangare:
lamba ashirin da uku, ɗanwake, ƙwai ɗaya.
In zuba, in kira lamba.
Babu musu kan canji,
babu tsohuwar ɗari biyu da aka liƙe da salatif.
Layi ya miƙe kamar sahu,
kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji kowa ya wanke hannu.

Bari in faɗi gaskiya ko da za ta ƙone ni.
Sahura, 'yar aji uku mai i'ina,
shekara biyu ina zuba mata shinkafa da wake
don nan yatsanta ke tsayawa,
tukunyar farko, wadda ta fi kusa,
ni kuwa ina taƙama na san cikin kowa.
Ranar da allon ya tambaye ta,
ba harara, ba "yi sauri mana",
sai ga takarda: alale biyu, yaji da yawa, zoɓo mai sanyi.
Na dubi takardar, na dubi yarinyar.
Ashe gilashi ya fi ni haƙuri.

Amma Lurwanu fa?
Motar babansa tana gareji a hanyar Jibiya tun watan jiya,
ni na sani, don unguwarmu ɗaya.
Ya goga kati, allon ya yi ja,
ya yi ƙara sau biyu a kunnen duk mai layi.
Da ni ce, da na kau da kai na cika kwano,
bashin ya kwana a bakin zanena har Allah ya hore.
Allo ba shi da bakin zane.
Yaron ya yi dariya, wai hotunan kawai ya zo gani,
ya tafi famfo ya sha ruwa har rigarsa ta jiƙe.

Da yamma Malam Sagir mai kuɗi yakan zo da biro:
kwano tamanin da bakwai allo ya ce,
kwano tamanin da bakwai za a gani,
ƙwai nawa, leda nawa, ba ragi.
Yana ƙirga har cokali.

Abu ɗaya ne ba su ɗora a allon ba,
ba hotonsa, ba farashinsa:
abin da ya kama a gindin tukunya.

Shi ya sa kwanan nan nake ƙara wa murhu itace.
Mataimakiyata Barira ta ce, "Gwaggo, tana kamu!"
Na ce na ji, bar ta ta kama.
In an tashi tara nakan kankare shi da zafinsa,
in zuba mai, in barbaɗa yaji,
in tura Barira ƙofar baya
ta ce wa Lurwanu Gwaggo na neman mai ɗaga mata tukunya.